Kwano goma na shinkafa: yadda na riƙe shagon Umma

Assalamu alaikum. Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma yau shekara shida ke nan ni nake riƙe da gidan abincin da mahaifiyarmu ta kafa a Kano. Ba zan faɗi unguwar ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, don yawancin waɗanda ke cikin labarin nan har yanzu gida ɗaya muke kwana. Na rubuta ne saboda mata masu wannan sana'a da suke tare ni suna cewa layi na cika musu kullum, amma duk ƙarshen wata sai sun ranto kuɗin buhun shinkafa. Mu ma haka muka yi shekaru.

A 2004 masaƙar da Baba yake aiki ta rufe, kamar yadda da yawa suka yi ta rufewa a Bompai da Sharaɗa a wancan zamanin. Umma ta sayar da kwallarta ta aure, ta sayi kwano biyu na shinkafa da kwano ɗaya na wake, ta fara garau-garau a soron gidanmu. Mai da yaji, ɗan latas idan an samu. Ina aji shida na firamare lokacin, aikina tsintar wake da daddare da rairayar shinkafa da asuba. Da kuɗin wannan tukunyar aka yi mana makaranta mu biyar. A 2011 ta kama hayar shago kusa da wata garejin kanikawa, inda 'yan adaidaita sahu suke tsayawa, ta ƙara shinkafa da miya, dafa-duka, taliya, da tuwo da yamma. Benci huɗu, tebur biyu, labule a ƙofa.

Umma ba ta taɓa rubuta komai ba. Akwai wani gwangwanin madara babba a ƙarƙashin teburin zuba abinci, duk cinikin yini nan yake shiga. Daga nan ake ɗaukar kuɗin cefanen gobe, daga nan ake ɗaukar kuɗin tara na yara, da gudummawar biki, da maganin Baba har Allah ya yi masa rasuwa a 2017. Muddin an ɗora tukunya washegari, a wurinta an ci riba.

Aurena ya mutu a farkon 2019, na dawo gida da yara biyu. A lokacin gwiwoyin Umma sun fara hana ta tsayuwa, idanunta kuma kullum ruwa suke yi saboda hayaƙin shekara goma sha biyar. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce karɓi shago. Na fara da rakiya, sai ya zama ni ce mai zuwa kasuwa, sai ya zama mukulli a hannuna yake kwana. A watan Agustan shekarar gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, shinkafar waje ta yi wuya, muka koma 'yar gida gaba ɗaya. Nan na fara koyon abin da ba a gani sai an ɗora tukunya: sabuwar shinkafa ba ta da auki. Tana da kyan ido, tana da laushi, amma ruwa kaɗan take sha ta caɓe. Tsohuwa wadda ta kwana biyu a sito ita ce ke kumbura ta cika tukunya. Mai gidan abinci da ta sayi sabuwa don ta fi araha da dubu ɗaya, a faranti za ta biya dubu ukun.

Sai kullen korona. A tsakiyar Afrilun 2020 aka rufe Kano, aka ce mako ɗaya, ya zarce, azumi kuma ya shigo a ciki. Kwana biyu kafin rufewar na zuba naman kusan rabin cinyar sa a firiza, da markaɗen kwando guda, a tunanina dabara na yi. Shagon ba kusa da gida yake ba. Ranar da na samu na leƙa, tun daga bakin ƙofa na san abin da ya faru. An ɗauke wuta kwanaki, ba mai tayar da janareto. Ni da ƙanena muka ɗaure hanci da mayafi muka kwashe shi a buhu muka binne a bayan gareji. Naman nan bashi ne. Haya kuma tana tafiya, ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba.

Da aka sake gari, mai nama yana bin mu, mai shinkafa a kasuwar Singa yana bin mu buhu uku, na ɗauki adashi tun kafin zagayena ya zo na cinye a gida. Ga ciniki ya dawo kamar da, benci cike daga sha biyu zuwa uku, amma bashin ko gezau. Wannan ne ya hana ni barci. Da a ce ba a zuwa ne, da na san ciwona.

Wata Asabar na sayi littafin makaranta mai shafi sittin da biro, na ari ma'aunin kilo a wurin wata maƙwabciya mai sayar da fulawa. Mako biyu ban canza komai ba, rubutu kawai nake yi. Ga abin da littafin ya nuna mini, da farashin ƙarshen 2020 kamar yadda na saya da hannuna.

Buhun shinkafa mai kilo 50 kwano ashirin ne, wani lokaci da ɗan gibi. Muna dafa kwano goma a rana, wato rabin buhu, naira 12,000. Nama kilo biyar, 8,000. Kayan miya da mai da magi, 6,500. Itace 1,500. Ruwan 'yan garuwa 600. 'Yan aiki uku, 500 kowacce. Haya idan aka raba ta kwana-kwana, 500. Jimla 30,600. Na auna farantin da muke sayarwa 300, na ga kwano ɗaya na ɗanyar shinkafa ya kamata ya fitar da goma sha shida. Kwano goma ke nan faranti 160, kuɗinsu 48,000. Abin da ke shiga gwangwani kuwa bai wuce 33,000 ba, kuɗin faranti 110. Tuwon yamma da kyar yake mayar da kuɗinsa, ban ma sa shi a lissafi ba.

Faranti hamsin kullum. Na bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya. Kusan ashirin da biyar gida suke tafiya: kular Umma da ƙannena, kular matar wani ɗan'uwanmu da 'ya'yanta, 'yan aiki, almajirai, da Kawu wanda kusan kullum yake biyowa da azahar, sau da yawa da aboki. Wajen goma bashi ne na kanikawa, "idan mai mota ya zo ya biya". Sauran a ludayi suke tafiya: wannan ya ce Hajiya a gyara, a ƙara masa, wancan ɗan unguwa ne, a cika masa, sai ƙanzon da ke kamawa a gindin tukunya don wutar itace ta yi yawa. Abin da ya rage bayan an cire cefane 2,400 ne, alhali abin da ake zara daga gwangwani don hidimar gida yana kai dubu uku zuwa huɗu a rana. Ashe uwar kuɗin muke ci, mai shinkafa da mai nama ne suke ciyar da mu ba su sani ba.

Na kai wa Umma littafin bayan isha'i. Tana kan tabarma tana shafa man zafi a gwiwa. Da yake ni ce 'yar fari ba ta kama sunana, "ke" kawai take cewa. Na karanta mata tun daga sama har ƙasa. Ta yi shiru, can ta ce, "Ke, yanzu abinci ake ƙirgawa a gidan nan?" Na ce, "Umma, idan ba mu ƙirga ba, mai shago zai ƙirga mana kwanaki." Ta ce ita shekara goma sha shida tana zubawa ba ma'auni, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma albarkar tukunya a bayarwa take. Ta juya fuska bango. Kwana uku gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Da hannun nan nata mai nauyi ta tara masu sayen da nake cin arzikinsu. A lokacinta ratar da ke tsakanin cefane da ciniki tana da faɗi, tana iya ɗaukar kyauta. A lokacina ratar ta tsuke. Amma a daren nan ji na yi kamar na ce mata rayuwarta duka kuskure ce, na shiga ɗaki na yi kuka.

A kwana na huɗu ita ta kira ni. Ta ce ta yarda da komai ban da abu ɗaya: ba za a taɓa abincin almajirai ba. Muka tsaya a kan faranti biyar kullum da ƙanzo, na rubuta su a littafi a matsayin kuɗin da shago ke kashewa, daidai da itace da ruwa. Sauran kuma ga yadda muka yi. Gida ya koma ɗora tukunyarsa, da shinkafar da ake auna masa a ranar Asabar a rubuta. Na yanka wa Umma kuɗi tsayayye duk mako, ni ma na yanka wa kaina, kuma ba mai sa hannu a gwangwani tsakanin Asabar da Asabar. Na sayi ƙaramin kwanon silba wanda cikinsa biyu shi ne faranti ɗaya, na ajiye ludayin zuba shinkafa. Bashi na mayar da shi littafi mai iyaka: faranti uku, ba na huɗu sai an biya. Bashi hanji ne, na sani, ni ma ina da shi, amma mutum biyu da suka yi fushi suka daina zuwa dama su ne ba sa biya.

Na Kawu ne ya fi wuya. Ya shigo da abokansa biyu, ya ce a zuba musu dafa-duka da nama bibbiyu. Na zuba, na kai da kaina, na durƙusa na gaishe shi. Da suka gama, na bi shi waje inda ba mai ji, na ce, "Kawu, naka kullum yana nan, ba zan taɓa karɓar kuɗinka ba. Amma na baƙi shago ba zai iya ba yanzu, bashi ya yi mana yawa." Ya kalle ni, ya ciro dubu ɗaya ya ajiye a kan benci ya tafi. Maganar ta zaga dangi cewa bazawara ta ƙwace shagon uwarta tana sayar wa kawunta abinci. Wata bakwai bai tako ba. Ranar da ya dawo shi kaɗai ya zo, na zuba masa, ba wanda ya tada zancen.

Akwai asarar da ba ta mutane ba ce, ta tukunya ce, ita ma sai da na bi ta. Miya tana yin tsami ne idan aka soya markaɗe da ruwansa. Yanzu sai na tafasa shi shi kaɗai har ya ƙafe ya yi kauri, sannan a soya a mai da albasa har man ya taso sama. Ɗan ƙanƙanin kanwa yana kashe tsamin tumatir, amma idan ya yi yawa miyar ta yi duhu ta canza ɗanɗano. Ba a rufe ta ruf da zafinta, ba a mayar da ludayin da ya taɓa shinkafa cikinta. A zafin Maris da Afrilu, shinkafar da aka sauke ƙarfe goma aka toshe a kula, kafin la'asar ta fara danƙo. Don haka na raba girkin: kwano shida da safe, sauran sai na ga yadda rana ta kama. Ranar Juma'a da ranar da hadari ya haɗo, na biyun ba ya wuce kwano biyu. Nama kuwa a ɗanyensa ake yanka shi, bayan an cire ƙashi da kitse an sake aunawa, don kilon mahauci ba shi ne kilon tukunya ba. Ina fitar da yanka ashirin da biyu a kilo, in ƙirga kafin ya shiga ruwa, in ƙirga bayan an soya. Tun da aka san ina ƙirgawa, adadin ya daina raguwa tsakanin murhu da tebur. Firizar kuma na sayar da ita. Gara in je abbatuwa kullum da asuba.

Tumatir shi ma da kalandarsa. Da rani, lokacin da na Kadawa da Kura yake sauka a 'Yan Kaba, kwando araha ne. Da damina ta kusa sai ya gagara. Mun ga haka da muni a 2016, shekarar tsutsar nan da ta cinye gonaki. Yanzu da rani nake sayen kauɗa in adana a buhu a wuri mara laima, da damina in jiƙa ta a ruwan zafi, in wanke ƙasar sau uku, in haɗa da tattasai da albasa mai yawa. Ba ta kai ɗanye ba, amma ba mai tashi ya bar farantinsa.

A ƙarshen 2022 na gama biyan mai shinkafa da mai nama. Na ɗauka na huta.

Watan Fabrairun 2023 wahalar canjin kuɗi ta tsananta, takardar naira ta ɓace a gari. Masu ci suna nan, amma kowa taransfa. Mai kayan miya da mai itace da ɗan garuwa kuwa ba su san wannan ba, kuɗi a hannu suke so. Sai ga ni ina sayen kuɗina da kuɗina a wurin masu POS, a cire dubu goma a bar musu dubu ɗaya, wata rana fiye. Ribar faranti nawa ke nan? Ga alat na bogi. Wani saurayi mai tsaf-tsaf ya sa aka ɗaure masa tekawe takwas, ya nuna wa ƙanwata waya, ta ga "an tura", ya hau babur. Har yau kuɗin suna hanya. Daga ranar doka ta zama sai kuɗi ya faɗo a wayar shago ko na'ura ta fitar da takarda, ko da mutum zai tsaya minti goma yana tsaki. Na kuma daidaita da wani ɗan adaidaita mai cin abinci a wurinmu: ya kawo mini tsabar da ya tara da yamma, in tura masa, in ba shi faranti ɗaya kyauta. Wannan ya fi mini masu POS sauƙi nesa ba kusa ba.

Ba mu gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu. Litar da ba ta kai 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki. Kuɗin ɗauko kaya daga kasuwa ya ninka, kuɗin markaɗe ya ninka, kurar ruwa ta tashi don masu rijiyar burtsatse da janareto suke jawo ruwan. Abin da ya fi duka, masu cin abincinmu su ne abin ya fara dokewa. Mai adaidaita da yake cin faranti da nama biyu ya koma "a sa rabi, ba nama". Kanikawa suka wuni a ƙarƙashin bishiya don masu motoci sun ajiye su. Zuwa farkon 2024 buhun da na saya 24,000 ya haura 70,000.

A nan littafin ya yi mini rana fiye da ko yaushe, domin duk Asabar ina iya sanin nawa faranti ɗaya ya tsaya mini. Ƙara kuɗi a irin unguwarmu ba abin wasa ba ne. Ka ƙara ɗari biyu a tashi ɗaya, rabin bencinka ya koma wurin mai awara. Na riƙa ƙara hamsin-hamsin, ina faɗa wa mutane kwana uku kafin ranar. Na raba kuɗin nama da na abinci, mai so ya saya daban. Na kawo ganda da awara da dafaffen ƙwai a madadinsa. Na cire sakwara da miyar agushi, don mutum shida ne ke cinsu a rana, doya kuma idan ta kwana a dake ta tashi aiki. Na gwada gas wata biyu: ya fi tsabta, ya fi sauri, ƙanzo ya ragu, amma tukunyar wake tana shanye silinda kamar ruwa. Na tsaya a gas don miya da ɗumame, itace busasshe don shinkafa da wake, a murhun da aka lulluɓe gefensa da laka don kada iska ta kwashe wutar. Na sallami 'yar aiki ɗaya, yarinyar da ta yi shekara biyar tare da mu. Na ba ta tsohuwar tukunya da kwano biyu na wake ta fara ƙosai a ƙofar gidansu. Wannan sallamar har yanzu tana ci mini rai.

Sau biyu na yi niyyar rufewa. Na biyun a Agustan 2024 ne, da zanga-zanga ta rikiɗe aka sa dokar hana fita, muka kwashe dafaffen abinci muka rabar a unguwa. Na ce wa Umma zan mayar wa mai shago mukullinsa in koma sayar da atamfa a waya kamar ƙawayena. Ba ta hana ni ba. Cewa kawai ta yi, kafin in mayar, in gwada abin da ta fara da shi. Garau-garau ba ya son tumatir, ba ya son nama, wake yana ƙara masa auki, talaka kuma yana ƙoshi da shi har dare. Ni da nake ganin mun wuce wannan matakin, kunya ma nake ji. Na ɗora kwano biyu na shinkafa da ɗaya na wake, da soyayyen mai da yaji mai ƙuli-ƙuli irin nata. Kafin ƙarfe ɗaya ya ƙare. Yau shi ne rabin cinikinmu, kuma shi ya fi kowane abinci barin riba a faranti.

Ba mu yi arziki ba. Kwano bakwai muke dafawa yanzu, ba goma ba. Haya na nan tafe a watan gobe kuma an ce za a ƙara. Amma ba mai bin mu ko sisi, akwai buhu biyu a ajiye, ina kan littafi na goma sha ɗaya, ƙanwata ta iya cike shi ko ba na nan.

Umma ba ta iya tsayuwa, amma duk ranar Litinin sai an kawo ta a adaidaita ta zauna a kujera a bakin tukunya. Ranar ita ke zubawa, da tsohon ludayinta, ba ta taɓa kwanon silban nan. Tsofaffin kanikawa sun san ranar, suna cika benci tun kafin azahar. Na auna, a hannunta kwano ɗaya faranti goma sha uku yake fitarwa. Ban faɗa mata ba. Ranar Litinin ina ƙara kwano ɗaya a tukunya, in rubuta shi a shafin itace da ruwa, ƙasan na almajirai.